Tambarin Tsanwa na Burusal da Ƙurar Arlit

Ran 10 ga watan Satumba na 2025, wata kotu ta Tarayyar Turai da ke zama a Lukzambur ta kori ƙarar da gwamnatin Ostiriya ta shigar tun watan Oktoba na 2022. Abin da Ostiriya ta nema shi ne a soke dokar da ta sanya tashoshin nukiliya da na iskar gaz cikin jerin ayyukan da Turai ta yarda a kira su jari mai ɗorewa, watau jarin da ba ya ɓata muhalli. Alƙalai suka ce Hukumar Tarayyar ba ta wuce gona da iri ba. Labarin bai motsa kowa ba a Yamai, balle a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. Da ya kamata ya motsa, don kuwa a shekarun 2021 da 2022, lokacin da ake tsakiyar wannan ja-in-ja, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na uraniyom ɗin da tashoshin Turai suka saya daga ƙasar Nijar ya fito. An yi shari'a kan tsabtar tuwo, amma ba wanda ya tambayi halin da gonar take ciki.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa da mota maƙare da kaya a gaban biron duwan na Ɗan Isa ko na Birnin Ƙwanni ya san abin da ake nufi da kundin rarraba kaya, ko da bai taɓa buɗe shi ba. Kowane kaya yana da layinsa da lambarsa, kuma layin da aka ajiye shi a kai shi ke faɗin abin da za a biya. Dila ɗaya ce, amma in aka rubuta ta a layin gwanjo kuɗinta daban, in aka rubuta ta a layin sabon yadi kuɗinta daban. Shi ya sa yawancin rigimar duwan a kan suna take tashi, kafin a kai ga nauyi. Ma'aikacin gwamnati ma ya san haka daga nasa ɓangaren: matakin da aka rubuta shi a kai ran da aka ɗauke shi aiki shi ne zai bi shi har ritaya, ko da ya fi na samansa ƙwazo.

Irin wannan kundi ne Turai ta rubuta wa kuɗi. Sunansa taksonomi, kalmar da aka aro daga masu ilimin tsirrai da dabbobi, waɗanda ke rarraba halittu gida-gida. Doka mai lamba 2020/852 ta kafa shi, ta kuma soma aiki a watan Yuli na 2020. Kafin wani aiki ya sami tambarin tsanwa, sai ya taimaka ƙwarai ga ɗaya daga cikin manufofi 6: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, shirin jure wa canjin yanayi, kare ruwa, sake sarrafa kayan da aka yi amfani da su, hana gurɓata iska da ƙasa, da kare tsirrai da namun daji. Sannan kada ya yi wa sauran biyar mummunan lahani, kuma kada ya taka haƙƙin ma'aikata da na jama'a. Ga kowane aiki an ƙayyade awo. Tashar lantarki, alal misali, ba za ta wuce giram 100 na hayaƙin karbon ba a kan kowane kilowat na awa guda, in an haɗa lissafin tun daga gina ta har zuwa rushe ta.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba don wasa aka ƙirƙiro kundin ba. Kafin zuwansa, kowane banki da kowane dillalin hannun jari yana shafa wa hajarsa launin tsanwa yadda ya ga dama, kamar mai man gyaɗa da ke rantsuwa cewa bai gauraya ba alhali ba mai aunawa. A watan Mayu na 2022 ƴan sanda suka shiga ofisoshin DWS a Farankfut, kamfanin juya kuɗi na rukunin Deutsche Bank, kan zargin ya zuzuta tsabtar jarinsa. A 2023 hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 19, a 2025 kuma masu gabatar da ƙara na Jamus suka ƙara masa ta Yuro miliyan 25. Kasuwar da ba ta da tiya ɗaya, mai wayo ke cin ta. Kuma kundin bai haramta wa kowa zuba kuɗinsa inda yake so ba. Abin da ya tilasta wa manyan kamfanoni da bankuna shi ne su bayyana kashi nawa na harkarsu ya hau layin tsanwa.

Sai dai wanda ya san yadda bashi ke tafiya ba zai ruɗu da wannan laushin ba. Asusun fansho da kamfanonin inshora na Turai, masu riƙe da dukiyar da ta ninka kasafin Nijar sau dubbai, suna duba waɗannan alƙaluma kafin su saki kuɗi. Aikin da ke kan layi yana samun masu rububinsa; wanda ba ya kai sai ya yi ta yawo da dosiye daga biro zuwa biro. Har ma da wani abin takaici: lokacin da bankunan Turai suka soma buga nasu lissafin a 2024, ƙa'idar farko ta sa bashin da suka bai wa kamfanonin waje cikin jimillar da ake rabawa, amma ta hana a ƙidaya shi cikin rabon tsanwa. Ke nan bankin da ya ranta wa kamfanin hasken rana a Afirka makinsa raguwa yake yi. Sai a 2025 Hukumar ta taɓa wannan lissafi.

Daren ƙarshen shekara

Masanan da aka ɗora wa rubuta awon farko ba su sa nukiliya ba, saboda ba su gamsu da maganar sharar da ke daɗe wa dubban shekaru tana fitar da guba ba. Gaz kuwa, awon giram 100 ya riga ya rufe masa ƙofa. Nan fa manya suka tashi. Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, tana da tsofaffin injunan nukiliya fiye da 50 da ke bukatar gyara, ga kuma sabbi da take son ginawa; ba za ta yarda a bar ta a waje ba. A watan Oktoba na 2021 ta jawo ƙasashe tara, galibinsu na gabashin Turai, suka sa hannu tare kan kiran a shigar da nukiliya. Jamus ta ƙi jinin nukiliya, tana ma shirin rufe tashoshinta uku na ƙarshe, abin da ta cika a watan Afirilu na 2023; amma masana'antunta a kan gaz suke tsaye, mafi yawansa na Rasha a lokacin. Kowa da abin da ke cikin aljihunsa.

Yadda aka ɓullo wa lamarin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin rabon kujeru tsakanin jam'iyyun ƙawance. Ran 31 ga watan Disamba na 2021, da dare, sa'ad da jama'ar Turai ke shagalin shiga sabuwar shekara, Hukumar Tarayyar ta aika wa gwamnatoci daftarin da ya haɗa nukiliya da gaz cikin ƙunshi ɗaya, yadda mai son ɗaya ba zai iya ture ɗayan ba. Majalisar masanan da Hukumar da kanta ta naɗa ta soki daftarin a watan Janairu. Ba a saurare ta ba. Ran 2 ga watan Fabrairu na 2022 aka fito da dokar, makonni uku kafin sojojin Rasha su afka wa Yukuren. Ran 6 ga watan Yuli ƴan majalisar Turai suka kaɗa ƙuri'a a kan bukatar yin watsi da ita: 278 suka goyi baya, 328 suka ƙi, 33 suka ƙaurace, alhali ana bukatar 353. Dokar ta soma aiki ran 1 ga watan Janairu na 2023. A tsakanin nan, ƙungiyoyin kare muhalli da na masu saye, cikinsu har da WWF, suka fice daga majalisar masanan, suna cewa an mai da su ƴan rakiya.

Don a rufe bakin masu suka, an kira ayyukan biyu na wucin gadi, an kuma gindaya sharuɗɗa. Sabuwar tashar nukiliya sai ta sami izinin gini kafin 2045, ƙasar kuma ta nuna shirin rumbun binne shara mai tsananin guba da zai soma aiki zuwa 2050. Tashar gaz sai ta sami izini kafin ƙarshen 2030, ta koma amfani da gaz maras hayaƙi zuwa ƙarshen 2035. Awon kuwa, wanda yake giram 100 ga kowa, ya zama giram 270 ga gaz, kuma hayaƙin bakin tasha kawai ake ƙidayawa. Ilimin kimiyya bai canja ba tsakanin 2020 da 2022. Tiyar ce aka ƙara wa baki saboda hatsin babban mutum ne za a auna. Dokin mai baki, an ce, ya fi gudu.

Inda layin ya tsaya

Ga abin da ya shafi Nijar kai tsaye. Dokar ta 2022 ta buɗe layuka uku ga nukiliya: bincike kan sabbin fasahohi, gina sabbin tashoshi, da ƙara wa tsofaffi rai. Haƙar uraniyom da niƙa dutsensa ba su da layi. Tambarin yana farawa daga ƙofar tasha, kuma sharuɗɗan sun ce tashar ta kasance cikin wata ƙasa ta Tarayyar. Hayaƙin karbon na rami yana shiga lissafin giram 100, gaskiya ne. Amma ƙurarsa, da ruwan da yake sha, da tsibin sharar da yake bari, ba wani awo da aka ɗora wa mai tasha a kansu. Ba kuma rashin sani ba ne. Bayan cibiyar binciken Hukumar ta fitar da rahotonta na watan Maris na 2021, wanda ya wanke nukiliya, wani kwamitin masana lafiya da muhalli na Tarayyar ya duba shi, ya ja kunne cewa dogaro da dokokin da ke rubuce bai isa ba a fannin haƙa da niƙa, tunda nauyin illarsu a wajen Turai yake sauka.

Wajen Turai ɗin nan yana da suna. Kamfanin SOMAIR ya soma fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta a 1978. Kafin a rufe COMINAK ran 31 ga watan Maris na 2021, ya fitar da wajen tan 75,000 na uraniyom, ya kuma bar tsibin shara mai tururin guba da ya kai wajen tan miliyan 20, a fili, ƴan kilomita kaɗan daga gidajen Akokan da Arlit, a yankin da iska ke tashi ba ta neman izinin kowa. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Kamfanin Orano, magajin Areva, ya ce zai lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, kuma ya daɗe yana musanta cewa aikinsa ya cutar da mazauna garin. Ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, wanda ya soma auna yankin tun 2003, da ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen Arlit, sun daɗe su ma suna nuna alƙaluman da ke cewa akasin haka game da ruwan rijiyoyi, da ƙasar tituna, da tarkacen ƙarfen da ya fita daga masana'anta ya shiga kasuwa. Kundin da ya sa kare ruwa da hana gurɓatawa cikin manufofinsa shi ne ya dace ya raba wannan gardama da awo. Ya zaɓi ya kau da kai.

Akwai wani abin da zai ba mutum dariya in da ba na kuka ba ne. Wutar da ke juya injunan ramukan Arlit daga tashar SONICHAR ta Anu Araren take zuwa, kusa da Cirozerin, kuma gawayin ƙasa tashar ke ƙonawa tun farkon shekarun 1980. Watau gawayi, wanda dokar Turai ta ce ba zai taɓa samun tambari ba ko ta wace hanya, shi ya yi shekara 40 yana haƙo makamashin da aka wanke a Burusal. A ƙasar da ta haskaka biranen wasu, wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki a gidansa, kuma da Najeriya ta katse layin Birnin Kabi bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, an ga irin ramin da ƙasar ke tsaye a bakinsa, tunda wajen kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga can yake zuwa a lokacin.

Kada dai a ɗauka duk laifin na baƙo ne. Gwamnatin Nijar, ta hannun SOPAMIN, tana da kashi 31 cikin 100 na COMINAK, ta kuma riƙe fiye da kashi 36 na SOMAIR har zuwa 2025. Wakilanta sun zauna a majalisun gudanarwa shekara da shekaru, sun karɓi riba a shekarun da aka samu, kuma akwai ma'aikatar ma'adinai da ta muhalli da aka ɗora wa sa ido. Tun watan Yuni na 2025, da hukumomi suka mai da SOMAIR mallakar ƙasa, rami da shararsa duk sun dawo hannun ƴan gida. Wanda ya gaji gida ya gaji bashin da ke kansa.

Gaz na wa?

Maganar gaz ta fi fito da son kai a fili. A watan Nuwamba na 2019 Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke shawarar daina ba da bashi ga ayyukan man fetur, gawayi da mafi yawan na gaz daga ƙarshen 2021. A taron Gilasgo na 2021, ƙasashe da dama, har da Faransa da Jamus, suka yi alkawarin daina sa kuɗin gwamnati cikin irin waɗannan ayyuka a ƙasashen waje. Ba a yi wata uku ba suka ba gaz ɗin gida tambari. Da bututun Rasha ya soma ƙafewa, sai ga shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz a Dakar a watan Mayu na 2022 yana zawarcin gaz ɗin Senegal, kafin ya biyo ta Nijar. A watan Yuli kuma ministocin Aljeriya, Nijar da Najeriya suka sake sa hannu kan takardar bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon kilomita wajen 4,000, wanda bakinsa Turai yake kallo. Gaz ɗin Afirka yana da kyau in zai tsallaka teku.

Sharuɗɗan da kansu sun isa shaida. Kafin tashar gaz ta sami tambari a ƙarƙashin awon giram 270, sai ta maye gurbin wata tsohuwar tasha mai ƙona gawayi ko mai, kuma ƙarfinta kada ya wuce na tsohuwar da fiye da kashi 15 cikin 100. Wannan riga ce da aka ɗinka wa wanda ya riga ya ƙoshi da wuta, yana son sauya murhu kawai. Ƙasar da matsalarta ita ce ninka wutarta sau da yawa ba ta da abin da za ta maye. Ɗan Nijar yana fitar da wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda na hayaƙin karbon a shekara, Bafaranshe fiye da tan 4. Amma wanda ya daɗe yana ƙazantawa shi aka buɗe wa ƙofar tuba. Tukunyar gaz ta girki, wadda matatar SORAZ ta Damagaram ke cikawa tun 2011, ba ta da layi ko ɗaya, alhali kowace tukunya da ta shiga gida amalanken itace ne da bai fito daga daji ba, kuma hayaƙi ne da bai shiga ƙirjin mata da ƴaƴan da ke bayansu ba.

Gawon da ba shi da takarda

In ana neman jari mai ɗorewa na haƙiƙa a yankin Sahel, ba sai an je nesa ba. Bayan farin 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa na Maraɗi kan yaƙi da hamada, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka soma barin tohon kututture a gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, abin da aka sani da sassaben zamani. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na shekarun 1970 da na bayan 2000 sun kimanta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200: gawo, kalgo, sabara, kuka, aduwa. Wanda ya bi hanyar Agye zuwa Tasawa, ko ta Matamai zuwa Magariya, ya gani da idonsa. A Adar kuma, tassa da gandarin duwatsu sun dawo da gero kan faƙon da aka fid da rai da shi. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci da rani. Kusan duk manufofi shida na Burusal yana cika su a tsaye wuri ɗaya.

To, wane layi zai hau? Babu. An cire noma da kiwo daga kundin a 2021 saboda ƙasashen Turai suna cikin cinikin tallafin manomansu, kuma ƙarin da aka yi a 2023 bai dawo da su ba. Layin gandun daji kuwa yana neman rubutaccen tsarin kula da daji da mai bincike mai zaman kansa da zai zo ya tabbatar. Manomin Ɗan Saga mai hekta biyu, wanda ko takardar gonarsa ba lalle ne yana da ita ba, ina zai samo waɗannan? Abin da ya sa ya bar itacen ya girma shi ne ya tabbata nasa ne, bayan an sassauta riƙon da ma'aikatan gandun daji suka yi wa kowane reshe, aka kuma kafa dokar karkara ta 1993 da ta daji ta 2004. Ba rancen kowa ya yi aikin ba. Amma da akwai layin da ya san da shi, da mai sayen ƙaro, da mai injin matse man aduwa, da asusun ajiya na ƙauye da ke ranta wa mata kuɗin tumaki, sun sami hujjar neman kuɗi mai sauƙin ruwa.

Sauƙin ruwan nan ba tatsuniya ba ce. A watan Janairu na 2021 bankin raya yammacin Afirka, BOAD, ya sayar da takardun bashi masu tambarin ɗorewa na Yuro miliyan 750, wajen miliyar 492 na sefa, na shekara 12, a kan ruwan kashi 2.75 cikin 100. A watan Yuli na shekarar, Benin ta samo Yuro miliyan 500 ta irin wannan hanya. Baitulmalin Nijar yana biyan fiye da ninki biyu na ruwan BOAD a kasuwar yankin. Ba tambari kaɗai ya kawo bambancin ba, sunan mai cin bashi a idon masu kuɗi ya fi komai nauyi. Amma tambarin ya ƙara yawan masu tayi, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da yawan masu tayi ke yi wa farashi.

Wasu sun gane cewa jiran tiyar wani ɓata lokaci ne. Afirka ta Kudu ta fitar da nata kundin a 2022, Gana a 2024, Kenya a 2025. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun yi nasu da launi uku kamar fitilar hanya, tsanwa, rawaya da ja, don aikin da ke kan hanyar gyaruwa ya sami wurin tsayawa. Nijar, ita kaɗai ko tare da maƙwabtan da take tarayya da su a kuɗin sefa, tana da abin rubutawa da Burusal ba za ta taɓa tunawa da shi ba. A nan, jure wa yanayi shi ne kan gaba: ambaliyar 2024 ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara 150 a tsaye. Magudanar ruwa a Maraɗi, shingen kogi a Yamai, rijiyoyin lambu masu famfon rana a kwarin Tarka, rumbun albasa a Galmi, burtalin makiyaya: waɗannan su ne layukan farko. Ƙasar da babbar jami'arta ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, mutumin da ya jagoranci binciken hasken rana tun ƙarshen shekarun 1960, ba ta rasa masu iya ƙayyade awo ba. Abin kunya ne ma a ce sai a 2018 aka kunna tashar rana ta Malbaza mai megawat 7, ta Goru Banda mai megawat 30 kuma sai a 2023.

Haɗarin shi ne a kwaikwayi Burusal a wurin da ta fi muni. Sin ta sa abin da ta kira gawayi mai tsabta cikin kundinta na 2015, sai a 2021 ta cire shi. Indonesiya a 2024 ta buɗe ƙofar wucin gadi ga tashoshin gawayi da ke ciyar da masana'antunta na ma'adinai. Ba wuya a hango ranar da wani minista zai buƙaci a shafa wa gawayin Salkadamna launin tsanwa, ko bututun man Agadem da ya soma kai ɗanye bakin tekun Benin a 2024. Ƙasa tana iya yanke shawarar cewa tana bukatar gawayi da mai don ta fita daga duhu, kuma tana da hujjar da za ta kare wannan a gaban kowa. Sai ta kira su da sunansu, ta ajiye su a layinsu. In ta gauraya, masu kuɗi za su gane cikin mako guda, sannan manomin gawo ya yi asarar tambarin tare da mai gawayi.

A nan ne abu ɗaya na Turai ya cancanci koyi. Cinikin da aka yi a can mummuna ne, amma a bainar jama'a aka ƙarasa shi: an san sunan kowane ɗan majalisa cikin 328 da 278, an buga rahoton masanan da aka ƙi saurara, ƙasa guda ta kai Hukumar kotu. A Nijar, mataki na 150 na tsarin mulkin 2010 ya wajabta buga yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa cikin jaridar gwamnati. Ba a cika shi yadda ya kamata ba ko lokacin da yake aiki, kuma an dakatar da tsarin mulkin a 2023. Kundin da za a rubuta a ɗakin otal tsakanin ƙwararren da aka yi haya da daraktoci uku, a kammala da rabon kuɗin zama, zai ƙare a cikin kabad. Zauren ƴan kasuwa, ƙungiyoyin manoma da makiyaya, ƙungiyoyin ƙwadago, masu binciken INRAN da jami'o'i, da mutanen Arlit kansu, suna da abin faɗa a kan kowane awo, kuma a buga daftarin cikin harsunan ƙasa kafin a sa hannu.

Layin da Turai ta tsallake shi ne zai nuna ko da gaske ake. Kundin Nijar ya buɗe layi ga haƙar uraniyom, ya ce ba ramin da zai sami tambari, ko na gwamnati ne ko na baƙo daga kowace nahiya, sai ya ajiye kuɗin gyaran wuri a wani asusu na dabam tun yana cikin aiki, sai kuma wani ɗakin bincike da ba ya cin albashinsa ya auna ruwan rijiyoyin Arlit da Akokan da iskar unguwanninsu, a liƙa sakamakon a ƙofar ma'aikatar magajin gari kowane wata uku.